Tattasan Goggo a Cikin Gidan Sauro

Shekarar da ƙwarin nan masu jajayen idanu suka fito daga ƙarƙashin ƙasa suka cika itatuwan Maryland da kuka, waɗanda aka ce sai bayan shekara goma sha bakwai suke dawowa, ita ce shekarar da na koma noma bayan na yi furfura a tuƙin tasi. Annobar korona ba ta gama sakinmu ba a lokacin. Ban koma don sha'awa ba. Wata tsohuwa ce ta sa ni, kuma ba ni da bakin ce mata a'a.

Maƙwabciyarmu ce a Landover, muna sama tana ƙasa. Baturiya ce 'yar ƙasar Hangari, tela, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ce a harshensu babbar mace neni ake ce mata, na ce mu kuma goggo muke cewa, sai sunan ya bi ta. Ita kuma ta ji ana kirana Malam, ta kama.

Abin da ke tsakaninmu ya faro ne tun yaranmu suna ƙanana, lokacin da aka yi wa mai ɗakina aiki ta daɗe a asibiti. Ina fita da asuba, ina dawowa a gajiye, gida babu girki. Goggo ta hawo ta ƙwanƙwasa, ta tambaye ni abin da muke ci da abin da ba ma ci. Da ta ji, sai ta sauka. Ta je ta sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi, domin nata duk sun taɓa kitsen alade, ta je shagon mutanen Ghana ta sayo kajin da Musulmi ya yanka. Har mai ɗakina ta miƙe, kullum jar miyarta tana hawowa benenmu. Ran da na je da 'yar ambulan don godiya, saura kaɗan ta rufe ƙofa a kan hancina.

Jan miyar nan ba na tumatir ba ne, garin tattasan ƙasarsu ne, ja wur, mai ƙanshi da ɗan zaƙi, ba ya da yaji ko kaɗan. Ita take noma abinta a wani lambun haya kusa da College Park, inda kowa ke da ɗan fegi. Irin kuwa yana da tarihi. Ƙauyensu yana kudu da Budafes, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da kogin Danub, inda ta ce da kaka ba a ganin bangon gidaje saboda jerin tattasai da aka rataye. A 1956 mutanen ƙasar suka yi wa mulkin kwaminisanci bore, tankokin Rasha suka shigo suka murƙushe su. Tana budurwa ta bi masu gudu, suka ratsa fadama da ƙafa zuwa Ostiriya. Mahaifiyarta ba ta da zinariyar da za ta ba ta, sai ta ɗinke mata 'ya'yan tattasai a cikin bakin rigar sanyi. Ba su sake ganin juna ba. Tun daga nan duk inda ta sami ƙasa sai ta shuka, ta ɗebi iri, ta ajiye na baɗi.

Tana son tsokanata. Ta ce, "Malam, ka san 'yan'uwanka Turkawa sun zauna mana a ka shekara wajen ɗari da hamsin?"

Na ce, "Goggo, ni daga Funtua nake, ban je ba."

"Har yau ƙararrawar cocinmu ta tsakar rana don tunawa da ranar da muka taɓa cin su da yaƙi take kaɗawa."

"To, da suka tafi me suka bar muku?"

Ta yi dariya har da tari. "Gidajen wanka da barkono. Kakanninmu barkonon Turkawa suke ce masa. Mu muka koya masa ladabi ya daina cizo."

A shekarar korona ta faɗi ta karye a ƙugu, aka kai ta gidan kula da tsofaffi, daminar ta wuce ba shuka. Da aka fara barin baƙi su shiga, na je. Ta miƙo mini 'yar kwalba da iri bai fi cikin cokali ba. Ta ce ya fara tsufa, in bana ma ta wuce zai mutu. Jikarta tana wata jiha mai nisa tana karatu, ba ta da wurin shuka tukuna. Sannan ta riƙe hannuna ta gaya mini sharaɗin. Ƙudan zuma in ya sauka a furen barkono mai yaji ya zo ya sauka a nata, 'ya'yan da za a ɗiba sun gurɓace, baɗi yaji za su yi, kuma babu gyara. Ita ƙananan jakunkuna take ɗinkawa tana ɗaure wa kowane fure kafin ya buɗe. Yanzu hannunta rawa yake yi.

Ta ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba."

Na ce, "In Allah ya yarda ba zai mutu a hannuna ba."

Na yafa irin a cikin kofunan roba a bakin taga, da azumi. Kowace asuba bayan sahur ina duba su. Mafi yawa suka ƙi. Tsiro kaɗan suka leƙo, sirara kamar zare, na riƙa juya su wajen rana. Bayan salla na kai su fegin Goggo na dasa, na kafa ƙusar katako na rubuta sunan irin a jiki da ajami, don shi hannuna ya fi saba da shi tun makarantar mahaifina.

A nan na ga girman aikin. Fegin dama na wani Alhaji ne ɗan Kumasi mai shagon kayan miya, ya cika shi da barkono tsiduhu. Na hagu na wata nas ce 'yar Jos, attarugu da barkono. Na fara da Alhaji, na gaishe shi da kyau, na roƙe shi ya matsar da nasa bana kawai.

Ya cire hula ya sosa kai. "Malam, barkonon da ba ya yaji kake so in tuge nawa saboda shi? Wannan ai ba barkono ba ne, ado ne."

"Amana ce, Alhaji."

"Amanar ai a wuyanka take, ba a fegina ba. Ka yi wa ƙudan zuman wa'azi mana, tun da kai malami ne."

Nas ɗin ma ta ba ni haƙuri, ta ce nata har ya yi fure, kuma gaskiyarta ce. Na gwada jakunkunan Goggo. Yatsun da suka yi shekaru a kan sitiyari ba su iya ba, furen farko da na kama ya tsinke a hannuna, na tsaya ina salati. Na zaga shagunan kayan lambu neman raga mai ƙananan idanu, ko'ina an ce ta ƙare, mutane sun kwashe don rufe ƙananan itatuwansu saboda ƙwarin nan.

Na dawo gida hannu wofi. Mai ɗakina ta ji labari, ta shiga ɗaki ta jawo tsohuwar akwati, ta fito da gidan sauron da ta zo da shi daga gida, wanda bai taɓa amfani ba a ƙasar nan. Ta ce, "Abin da ya hana sauron Funtua shiga, ƙudan zuman Amurka ne zai gagare shi?"

Washegari na kafa sanduna huɗu, na rataya shi, na binne gefensa da ƙasa. Alhaji ya zo ya tsaya yana kallo. "Masha Allah, an yi wa amarya ɗaki. Yaushe za a kawo gara?" Amma shi ya riƙe mini sanda har na gama ɗauri, kuma ranar da iska ta yaga gefe guda ina Washington da fasinja, shi ya cire rawaninsa ya toshe wurin kafin in iso.

Tun da ƙwaro ba ya shiga, aikinsa na sa fure ya ɗaure ya dawo kaina. Kowace safiya kafin in fita aiki nakan durƙusa in shiga ragar, in girgiza kowane tsiro a hankali, in shafi furanni da gashin kaza ɗaya bayan ɗaya. Gwiwoyina sun yi ƙorafi, ban saurare su ba. Zafin bazara ya zo, wasu furanni suka zube. Waɗanda suka tsaya suka ɗaure, suka yi tsawo, suka juya daga kore zuwa ja mai duhu.

Da kaka na jera su a zare yadda ta koya mini, na kai mata. Ta shinshina ta rufe ido. Ina jiran ta ce an gama. Sai ta ce, "Waɗannan 'ya'yan irina ne, dole su yi daɗi. Abin da ke cikinsu ne ban sani ba. Sai an shuka shi baɗi."

Raina ya ɗan sosu, amma na gane gaskiya ta faɗa. Na ce to. Da sanyi ya wuce na sake yafa sabon irin, na sake kafa raga, na sake durƙuso. Duk tsawon wannan shekara addu'ata biyu ce a kan lamarin, Allah ya tsare irin, ya kuma ja kwanan Goggo ta gani, domin jikinta yana ta raguwa.

Allah ya amsa. Ranar da na kai mata na biyun, jikarta ta zo hutu tana zaune a bakin gado. Goggo ta sa aka tsaga ɗaya. Ba ta ɗanɗani naman ba, farar jijiyar ciki ta nema, inda yaji ke ɓuya. Ta ɗora a harshe ta daɗe tana tsotsa, mu kuwa ko motsi ba mu yi. Daga nan ta sa aka tsaga wani, da wani, daga kowane tsiro.

Ba ta ji yaji a ko ɗaya ba. Ta ɗaga kai ta ce wa jikar, "Kawo hannunki." Ta karɓi kwalbar iri daga wurina, cike har wuya, ta danƙa mata, ta naɗe yatsun yarinyar a kai. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam, na ciyar da 'ya'yanka, ka rayar da na uwata. Ba na binka, ba ka bina."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Goggo."