Wayar auna zafi ta kusa kashe mani kaji

Jama'a, yau saura ƙiris in kwashe gawar kajin Alhaji gaba ɗaya!

Kun san gidan kajin da nike kula da shi nan Gummi. Akwai akwatin da ke kunna fankoki da kanshi in zafi ya hau. Shekaranjiya ɓera ya cinye wayar da ke auna mashi zafin. Na sawo wata kasuwa, kamarsu ɗaya sak, na ɗaura. Akwati ya nuna 24. Na ce shi ke nan.

Yau da azahar Malama Rifkatu, nas ɗin da ke sayen ƙwai wurinmu, ta leƙa ɗakin, ta fito da gudu.

"Baba Sani, kajinka na haki! Fanka ko ɗaya ba ta juyawa!"

Na ce, "Malama, akwati ya ce 24."

Ta ce, "Akwatin ke haki ko kajin?"

Ta zaro abin auna zazzaɓi daga jaka. Arba'in da ɗaya! Innalillahi!

Na buga ma injiniyan da ya kafa akwatin. Ya ce in karanto lambar jikin wayar. Ban iya ba, Malama ta karanta. Ya ce, "Baba, wagga ba irin tashi ba ce, ƙarya take gaya mashi! Kunna fankokin da hannu!"

Munka kunna. Munka yi ta yayyafa ruwa, ita da fararen kayanta cikin kashin kaji.

Biyu sunka mutu, sauran sun miƙe. Alhamdu lillahi!

Na cika mata kwano da ƙwai, ta ƙi karɓa. Wai in dai riƙa shiga ɗakin da ƙafata, in bar tambayar akwati. Allah shi saka mata!