Ranar da Mama Ta Sa Ƙafarta a Turu

Ko da zan manta komai na rayuwata, abin da ya same ni a shekarar da aka samu 'yancin kai ba zai taɓa fita daga raina ba. A shekarar na yi haihuwar fari, na koma gidanmu a unguwar Gwallaga, cikin garin Bauchi, wankan jego. An yi suna lafiya, sai wani abu ya sauko mini wanda har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Na daina magana, na daina cin abinci. Idan aka miƙo mini jaririna sai in juya fuska bango. Ba ƙin sa nake ba, ji nake kamar an kwashe duk abin da ke cikin ƙirjina.

An yi hayaƙi, an yi tofi, ba sauƙi. Wata safiya aka tsince ni tsaye a bakin rijiya ina leƙe. Daga nan Baffa, ƙanen mahaifina da ke riƙe da gidan, ya ce a sa ni a turu, gungumen nan da ake kulle ƙafar mahaukaci. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, tsoro ne ya kama shi.

A lokacin akwai wata 'yar ƙungiyar sa kai a garin, mutum uku ke jan ta. Akwai wani tsohon malamin asibiti, da limamin unguwarmu, da wata ungozoma Kirista daga kudancin Bauchi wadda kowa ke kira Mama. Gida-gida suke bi suna cewa a rufe rijiya, a kai yara lambar agana, kuma suna leƙa masu taɓin hankali. Kullum cikin musu suke kamar 'yan ɗaki ɗaya, amma ba ka ganin ɗaya babu sauran. Innata ce ta aika musu a ɓoye.

Sun iso da hantsi, kafinta ya riga ya ajiye turun a tsakar gida. Mazan suka tsaya a zaure da Baffa. Mama kuwa ta shigo, ta dube ni, ta dubi gungumen, sai kawai ta zauna a ƙasa ta zura ƙafarta ciki. Ta ɗaga murya yadda na zaure za su ji, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji:

“Maigida, zo ka kulle. Ni ma da na haifi na biyu haka na yi. Yarinyan nan ba mahaukaci ba ne, ciwo yake yi.”

Baffa ya leƙo, kunya ta rufe shi. “Haba Mama, tashi don Allah. In ta faɗa rijiya fa, me zan ce wa mijinta?”

Liman ya ce, “Alhaji, rijiyar za a yi wa murfi, ba yarinyar ba. Addu'a tawa ce, magani na Malam ne, zama kuma na Mama.”

Malamin asibitin ya ce shi ba a bar masa komai ba sai ɗacin magani. Har Baffa sai da ya murmusa. A ranar aka rufe rijiyar, aka fitar da turun.

Tun daga nan kowace safiya Mama na tafe. Ba ta taɓa ce mini in yi magana ba. Ta zauna kusa da ni tana ɓarar gyaɗa, tana ba ni labarin garinsu, tana sa mini kunun kanwa a baki kaɗan-kaɗan. Malamin asibitin ya kawo magani, liman ya yi ta zaunar da mijina yana ba shi haƙuri. Gari ya cika da hidimar bikin 'yanci, 'yan makaranta na wucewa da tutoci, ni ban san ana yi ba.

Wata rana Mama ta goya yaron, ta ɗaura zanen sako-sako, kansa ya langaɓe gefe. Ban san sanda bakina ya buɗe ba: “Mama, wuyansa.”

Ta tsaya cak, ba ta juyo ba. “To zo ka gyara mana, ni na tsufa.”

Na tashi na kwance shi. Ɗuminsa ya taɓa ƙirjina, sai kuka ya ƙwace mini. Innata ta fito da gudu daga madafa, ita ma ta fashe da kuka. Sai da na girma na gane matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa ba za ta kasa goyo ba.

Ban warke a ranar ba, na ɗauki watanni. Dukansu uku sun riga mu gidan gaskiya, yaron kuwa yau jikoki gare shi. Abin da na koya shi ne, wanda hankalinsa ya girgiza ba ɗauri yake buƙata ba. Yana buƙatar wanda zai zauna kusa da shi, ba tare da gajiya ba, har hankalin nasa ya dawo.