Kakana da Shekarun Sararin Samaniya

Shekarar da na gama karatun kimiyya a jami'a, na dawo gida Gwarzo damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙugu. Ban yi kwana uku ba Inna ta ce in shirya in je Kutama in gaida mahaifinta, don sau biyu yana aikowa a tambaya ko boko ya ƙwace masa mata. Haka yake kirana tun ina goye, matarsa, ni kuma in ce ba na son tsoho. Iyayensa makiyaya ne. Shi ya fara zama wuri ɗaya ya kama noma, amma bai taɓa rabuwa da shanu ba. A lokacin yana da goma sha wani abu, ciki har da wata karsana da ya ce tawa ce.

Na isa da sassafe a bayan ɗan acaɓa, na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi Inna, ya tambayi Baba da ciwon ƙafarsa, ya tambayi ruwa a wajenmu, har maƙwabcinmu mai niƙa sai da ya tambaya. Sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"To, shekara huɗu cur. Me aka koya miki? Allura ko alƙalanci?"

Na ce ba ko ɗaya. Na gyara zama, don a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni sani daga nan har Kabo. Na gaya masa aikin da na rubuta na ƙarshe a kan shekarun sararin samaniya ne, wato taurari da duk abin da ke tsakaninsu, tun yaushe abin ya fara.

Ya ajiye igiyar. "Shekara nawa ne?"

"Kusan biliyan goma sha huɗu, Kaka."

"Kusan," in ji shi. "Ashe ba ku gama ƙirgawa ba aka sallame ku. To wa ya buɗe masa baki ya duba haƙora?"

Kafin in ba shi amsa ya miƙe, ya ce in zo in ga dukiyata. Muka zagaya ta bayan gidansa inda shanun suke ɗaure a turakunsu. Ya nuna mini karsanar, fara mai baƙin kunne, ya ce tunda ni gwanar shekaru ce in faɗi nata. Na zagaya ta, na ga girmanta, na ce biyar. Ya kama haɓarta, ya ɗaga leɓen ƙasa ya nuna mini manyan haƙora biyu a tsakiyar ƙanana.

"Shekara biyu da 'yan watanni. Wannan da kike iya taɓawa kin ƙara mata uku. Allah kaɗai ya san nawa kuka ƙara wa wancan."

Na yi dariya, amma maganar ta sosa ni. Ya kwance shanun, na bi shi muka kora su ta burtali, gonaki dama da hagu, har muka fita wani fili da ba a noma ba a gefen fadama. Muka zauna a gindin ɗorawa. Ya ciro goro ya ɓara, bai ba ni ba, wai matar da ba ta kawo tsaraba ba ba ta cin goro. Ni kuwa ina ta neman hanyar da zan rama.

Da rana ta ɗan ɗaga, shanun sun bazu. Wasu na kusa da mu, wasu sun kai tsakiyar fili, wani bijimi har ya kusa bakin ruwa. Sai na ce, "Kaka, da wani baƙo zai zo yanzu, bai ga lokacin da muka iso ba, zai iya sanin tun yaushe shanun nan suka bar gindin bishiyar nan?"

"In dai ya san shanu."

"Ta yaya?"

"Ya dubi inda na gaba ya kai, ya dubi irin tafiyarsa. Sauran ai lissafi ne."

Na ce to abin da ake yi ke nan. Taurari ma garke-garke suke, kuma kowane garke yana nisantar 'yan'uwansa, na nesa ya fi saurin gudu. Daga haskensu ake gane gudun, kamar yadda kukan babur yake sauyawa a kunnenka idan ya wuce ka ya yi gaba. In an san nisa, an san gudu, sai a koma da lissafi baya har lokacin da duk suke cunkushe wuri ɗaya. Na gama na jingina da bishiya, ina jiran ya sallama.

Ya ci gaba da tauna goro yana kallon filin. Can ya nuna da sandarsa.

"Kin ga waccan ja? Tun zamanmu sau uku tana tsayawa cin ciyawa. Waccan kuma ɗazu ƙuda ya cije ta, ta zabura da gudu. In baƙon naki ya ɗauka tafiya iri ɗaya suke yi tun safe, ya yi kuskure. Naku garken ba ya tsayawa kiwo?"

Wannan tambayar ce, da Turanci mai kauri, wani malami da aka gayyato daga wata jami'a ya yi mini ranar da na tsaya kare aikina, na yi ta gumi a gaban mutane. Ga ta kuma ta biyo ni har gindin ɗorawa. Na ce gaskiyarsa, gudun bai zama iri ɗaya ba. Da farko ya yi ta raguwa, daga baya kuma ya ƙaru, kuma masu lissafin suna sa wannan a ciki.

"Me ya zaburar da su?"

"Ba a gano ba tukuna. An dai sa wa abin suna."

Ya yi dariya har da tari. "An yanka rago ba a ga jaririn ba! To na ji. Ina turken? Daga ina aka kwance su?"

Nan ne misalin nawa ya fara ba ni kunya. Na ce babu wani wuri guda da za a nuna a ce daga nan aka taso. A gaskiya ma ba garkunan ne suke tafiya kamar shanu ba, filin da ke tsakaninsu ne yake ƙara faɗi, ko'ina a lokaci ɗaya.

"Filin ne yake ƙaruwa?"

"Shi ne."

"To don Allah ki gaya musu su biyo ta Kutama. Burtalin nan da muka bi, ina saurayi shanu goma suke jerawa a cikinsa. Yau biyu ma sai ɗaya ta ci dawar mutane."

Da azahar ta gabato ya miƙe yana karkaɗe riga. Ya ce shi dai abin da ya sani, wanda ya kwance su shi ya san sa'ar da ya kwance. Na ce ai babu mai jayayya da wannan, mu sawu kawai muke bi. Ya tsaya ya dube ni. Ya ce bin sawu sana'a ce, mahaifinsa ya taɓa bin sawun saniya kwana biyu har ya same ta. Sai ya ɓaro goro ya miƙo mini.

Bayan kamar wata guda aka yi suna a Garo, a gidan ƙanwar Inna. Ina tsakar gida muna kwasar tuwo, sai na jiyo muryar Kaka daga zaure, yana ba dattawa labari. Na matsa jikin bango. Yana cewa taurari garke-garke suke, an kwance su tun shekara biliyan arba'in, kuma matarsa ce ta ƙirga da hannunta a jami'a. Ya kawo zancen jar saniya da ƙuda, ya ce da bai gyara mana lissafin ba da yanzu mun ɓata.

Da ya shigo gaisawa da mata na tare shi. "Kaka, goma sha huɗu na ce, ba arba'in ba."

"Ba ke kika ce abin ƙaruwa yake ba? Ai an kwana biyu."

Bai rufe baki ba wani abokinsa, dattijo mai jan gemu, ya yi sallama ya leƙo. Ya ce shi tambaya ɗaya gare shi ga malamar sama. Ya shuka wake a makare, yana so ya san ko ruwan bana zai kai masa.

Na ce, "Wallahi Baba ban sani ba."

Dattijon ya dubi Kaka kamar wanda aka sayar wa jabu. Kaka ya dafa kafaɗarsa ya juya shi zuwa zaure, yana ba shi haƙuri.

"Ka yi mata uzuri, Malam. Daga can nesa suka faro karatun. Ba su iso nan kusa ba aka tashe su."