Garar da ta ƙi taunar kaka

A Basirka, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun Iya, kakata ta wajen uba. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, tun ban yi haƙori ba. Gyaɗa take gasa mana a toka, kuma ba ta taɓa miƙo min tawa ba sai ta haɗa da tsiya.

"Matso, Maigida. Miji har miji, amma sai an tauna masa! Wannan tumbin naka da yawuna aka gina shi."

Yara su kwashe da dariya, ni kuwa in cika in yi fam. Sannan ta ce, "Ga ta nan, ku tare ta kar ta wuce." Mu ce ta zo mu ji ta.

Wai a gidan Gara, jariri ba ya cin itace sai kakarsa ta tauna ta ɗura masa. Sai aka haifi wata 'yar ƙwalisa, ta ce Allah ya sawwaƙe ta ci abin da ya fito daga bakin tsohuwa. Ta yi zuciya ta bar shuri, ta sami kututturen ƙirya ta hau ci. Ta ci, ta ci, ciki ya cika dam, amma ko kaɗan bai narke ba.

"Haka ta mutu da yunwa a kan abinci," in ji Iya. "Ƙurunƙus, kowa ya nemi tabarmarsa."

Yanzu ilimin halittu nake koyarwa a jami'a. Iya na nan da ranta, sai dai haƙoran sun zube. Tun damina direbobin Birnin Kudu ke kawo min saƙo cewa tuwo ma ya gagare ta, kunu kawai take kurɓa, kuma tana ta tambayar Maigida. Ni kuwa kullum cewa nake sai an yi hutu zan je. Ga sabuwar mota, ga kwalta. Ba ni da hujja, wallahi, kuma na sani.

Makon jiya na yi wa ɗalibaina bayanin enzayim, sinadarin da ke narkar da abinci a ciki. Na ce garar da ke cin itace ba a haifarta da ƙananan halittun da ke samar mata da shi a hanji, daga manya take karɓa lokacin da suke ciyar da ita. Na ba su tatsuniyar Iya, har da muryarta. Aji ya ɗauki dariya, ina ta jin daɗin kaina, wai ni mai kaka masaniya.

Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu daga can baya.

"Malam, to idan ita tsohuwar ta gaza, wa ke ciyar da ita?"

Amsar tana cikin darasin, bakina ya riga ni faɗa.

"Waɗanda ta ciyar."

Na ga duk sun duƙa suna rubutawa. Na juya ga allo da alli a hannu kamar zan ƙara wani abu, na daɗe ban iya juyowa ba.