Ministan Gas da Kwanon Ruwan Sabulunsa

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar aminina Malam Isiyaku, malamin walda, kuma yau zan yi abin da ban taɓa yi ba yana raye: zan yarda ya fi ni gaskiya. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Tare muka koyar, ni Tarihi, shi ƙarfe. Da aka fara raɗe-raɗin haƙo iskar gas a Arewa, mu 'yan ɗakin malamai nan take muka rabe arzikin a baki: kwalta har garin Kuyello, ƙaramar hukuma ta yi ƙiba. Shi kuwa ya ce, "Malam Tarihi, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Abuja ne. Can harajinsa zai tafi, ya dawo mana a rame. Namu shi ne hannun da zai haɗa bututun." Muka laƙaba masa Ministan Gas. Ya amsa, har da gyara hula.

Bayan ritaya ya buɗe rumfar walda a unguwar Magajin Gari, da doka ɗaya tak. Duk bututun da aka liƙe, ko na tankin ruwa ne, sai an toshe shi, an hura masa iska, an shafa ruwan sabulu a mahaɗin. In kumfa ta tashi, akwai yoyo, a sake. Masu kawo aiki sun sha cewa wanki suka tarar, ba walda ba.

Da ya rasu aka rufe rumfar, ga hanya ta ƙi biyuwa saboda mutanen daji. Bana mai ɗakinsa, Hajiya Rabi, ta gaji, ta shirya sayar wa wani dillalin masara rumfar ya yi sito. Ni aka nema shaida.

Ana saura kwana biyu sai ga Bulus, ɗan Kuyello da ya koyi sana'ar a hannun Malam, yanzu magidanci, ya dawo daga aikin shimfiɗa bututun gas. Ku ji yadda aka ɗauke shi aikin! Ranar gwaji kowa ya liƙe nasa ya koma gefe, shi ya shiga cigiyar sabulu. Aka nuna masa wurin wanke hannu. Ya haɗa ruwansa, ya hura, ya shafa, kumfa ta tashi a aikinsa, a gaban injiniya. Ya yanke ya sake. Shi aka fara kira.

"Mama, kada ki sayar," ya ce wa Hajiya Rabi. "Ki ba ni haya."

"Kai Bulus, har yanzu kana nan da sabulun nan?"

"Mama, ai shi ke ciyar da jikokinki."

Ta yi dariya har da hawaye, ni kuma na rasa aikin shaida.

Da Malam zai leƙo yau, me zai gani? Har yanzu ba a haƙa ko rami ɗaya na gas a dajinmu ba. Amma rumfarsa a buɗe take, ana cika tukwanen gas a gefe, matasa na koyon walda, mai shayi da mai tuwo sun kafa teburi a ƙofa. Ma'aikacin harajin ƙaramar hukuma, da ya manta layin, yanzu da fara'a yake zuwa. Na tabbata Malam zai dube ni ya ce, "Rubuta wannan a Tarihinka."

To, na rubuta, ranka ya daɗe Minista. Jiya na wuce, na tarar da tsohon kwanonka a bakin rumfa, cike da ruwan sabulu, Bulus na ce wa wani, "Sake."