Bargon da Ke Tagar Baba

Tsafe zuwa Karakkai

Ana sallame Asuba na bar Tsafe, ko koko ban tsaya sha ba. Yayana Sani ne ya bugo waya, wai masallacinmu na Karakkai zai karɓe kiran salla daga hannun Baba. Tun ina goye shi ne ladan, bai taɓa neman agogo ba. Amma tun da yanar ido ta rufe masa gani, sai ya wuni yana barci, ya tashi kiran Asuba mutane na cin tuwon dare.

Motar Gusau cike take da buhunan barkono, muka yi ta atishawa har shingen sojoji. Na canja mota zuwa Bunguɗu, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Na iske Baba a ƙuryar ɗaki, an toshe taga da bargo, duhu kamar cikin rumbu. Sani ya ce tausayi ne, kada haske ya ƙara ɓata idon.

"Ɗiyata, yanzu dare na ko rana?" in ji Baba. Hantsi ne fa. Sai da na fita waje na share hawaye.

Gusau

Washegari muka kai shi asibiti. Likita ta haska idon, Baba ya ce yana ganin fari-fari. Ta ce akwai agogo a ƙwaƙwalwa, har ɓangaren da ke kula da gani yana da nasa, kuma hasken safiya da ke shiga ta ido ne ke saita su. Ta sa ranar aikin idon bayan girbi. Kafin nan a cire bargon, a riƙa fito da shi da safe. Muka ci waina a Sabon Gari, Baba yana kushe miyar.

Komawa

Na roƙi liman ya ɗaga mana ƙafa. Kullum da hantsi na shimfiɗa wa Baba tabarma a tsakar gida, yana mita wai mun shanya shi kamar kuɓewa. Haka muka yi har wata ya kusa ƙarewa.

Ranar da zan tafi, ina ɗaure kaya na ji muryarsa daga masallaci yana kiran Asuba. Na ce a raina ko ya sake kuskure lokaci. Sani ya duba agogon wayarsa.

"Daidai ta ke," ya ce.

Na iso Tsafe da Azahar lafiya, na gode wa Allah. Bargon yana cikin jakata.