Kawu Sale da Motoci Biyu na Maigidansa

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Mansur da ke Makka ya san ba ya duba mota da ido. Sai ya ce a tayar da inji, ya juya mata baya, ya rufe ido. Idan wani ya yi magana, ya ɗaga hannu: "Shiru, tana gaya mini ciwonta."

Ƙanin mahaifiyata ne, haifaffen Makka, kakanninsa Kanawa. Ya tsufa yana kula da motocin tsere biyu na wani attajiri a Aziziyya: ja 'yar Italiya da fara 'yar Jamus. Shi kansa ko keke bai taɓa mallaka ba.

Na taɓa tambayarsa wacce ta fi gudu.

"A miƙaƙƙen titi, jar. Kukanta ma ya fi daɗi. Amma a kwana, da hawan dutse, da zafin garin nan, farar ce ba ta gajiya."

"To wacce ta fi daraja?"

"Jar mana! Kaɗan aka ƙera, kuma maigida ba ya hawanta. Ka ji ikon Allah: an yi ta don gudu, amma zamanta ne ke ƙara mata kuɗi. Farar da ke aiki kullum, ita ce ke faɗuwa."

Wata shekara ana dab da aikin Hajji, maigidan ya fito da farar, ya ce wa Kawu ya shigo ya rage masa hanya. Kawu ya dubi motocin alhazai da suka cika titi, ya ce, "Na gode, sauri nake yi." Ya taka da ƙafa. Wallahi ya riga shi isa!

Bayan rasuwar maigidan, babban ɗansa ya yanke shawarar sayar da jar. Masu tara irin waɗannan motoci suna biya ne idan komai na asali ne, har fenti. Ɗan ya shaida wa wani mai saye daga Jidda cewa ba a taɓa taɓa ta ba. Kawu yana tsaye da tsumma a hannu. Ya san aikinsa da ɗakin da yake kwana duk a hannun wannan ɗan suke.

"Ƙofar hagu ba fentin kamfani ba ne," in ji shi. "Gini ya goge ta, ni na sake shafawa."

Mai sayen ya duba, ya sake dubawa, bai ga komai ba. Kawu ya ji haushi, ya kama yatsan mutumin ya ɗora a wurin. "Nan! Aikina ne ya yi kyau, shi ya sa."

Ciniki ya lalace. Ɗan ya ce, "Haba Kawu, wa ya tambaye ka?"

"Yau dai ba kowa. Amma akwai ranar da za a tambaye ni."

Ƙarshen watan aka sallame shi. Ya dawo gidanmu da akwati ɗaya, bai taɓa zagin ɗan ba. Abin da kawai ke damunsa shi ne, "Ko wa ke canza wa jar nan mai yanzu?"

Mun daɗe muna yi masa dariyar wannan yatsa. Yanzu da na girma, dariyar ta ragu. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya rufa masa asiri kan abin da mu ba mu gani ba, Ya sauƙaƙa masa amsa.